GANI YA KORI JI: Wurin kwana a bisa teku

A watannin Yuli da Agusta, lokacin da mu nan idonmu ke bisa gajimare, manomi yana ƙirga kwanakin da hatsinsa ya yi bai sha ruwa ba, ɗan kasuwa yana duba abin da ya rage a mangaza, su Faransawa rufe biro suke yi su gangara kudu, bakin Bahar Rum, don cin hutun shekara. Mafi yawansu a kan rairayi suke yini. Amma akwai wasu masu ɗan hali da ba su tsayawa a gaɓa: jirgin ruwa gare su, nasu ko na haya, a cikinsa suke dafuwa, a cikinsa suke kwana, suna bin bakin teku daga wannan lungu zuwa wancan. A makon nan ina so in ba ku labarin mako guda da na yi tare da irin waɗannan mutane, da abin da na koyo game da kayan da aka ce na kowa ne.

Wanda ya gayyace ni wani dattijo ne Bafaranshe da ya koyar da lissafi a Damagaram tun muna yara. Ya daɗe da ajiye aiki, ya koma garinsu kusa da Tulon. Da wani aiki ya kai ni ƙasar a watan Yuli na 2022, na je gaishe shi, sai ya ce ba zan koma gida ba sai na kwana a bisa ruwa. Ni da ban taɓa shiga abin da ya fi kwalekwalen kogin Yamai ba, na nemi uzuri na rasa. Malaminka ko ya tsufa malaminka ne.

Jirgin nasa tsawonsa mita 11 ne. A ciki akwai ƴan gadaje, da murhun gas, da makewayi, kome a matse kamar cikin akwati. A tsakiya an kafa wata doguwar sanda ta ƙarfe, a jikinta ake ɗaga manyan ƙyallaye biyu, iska ta cika su ta ja jirgin. Akwai inji, amma na shiga tasha da fita ne, ko na ranar da iska ta ƙi. In tafiya ta yi kyau ana cin kilomita 10 a awa guda, wato saurin mai keke da ba ya gaggawa. Wanda ya saba da motar Maraɗi zuwa Yamai zai ce wannan ɓata lokaci ne. Su kuwa wannan jinkirin suka fito nema.

Da rana ba wata wahala. Wahalar tana zuwa ne in rana ta karkata, aka fara tambayar inda za a kwana. Hanya biyu ce. Ko dai a shiga tashar jiragen ruwa a ɗaure jirgi a jikin dakali, a samu ruwan sha da wutar lantarki, a biya. Ko kuwa a nemi wani lungu da tudu ya kare shi daga iska, a jefa anka, a kwana kyauta. Anka ita ce ƙugiyar ƙarfe mai nauyi da ke ɗaure da sarƙa, ana sakinta ta nutse ta kama ƙasa ta riƙe jirgi. A tsakiyar hutu, kwana guda a tasha ga jirgi kamar namu yakan haura euro 50, wato fiye da jika 30 na kuɗinmu, kuma ko da kuɗin a hannu sau da yawa sai a ce maka wuri ya cika. Hausawa na cewa zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri. A tasha haka ne. A lungu kuwa maganar ta juye, domin al'adar masu jirgi ita ce wanda ya riga sauke anka shi ke da wuri, wanda ya zo daga baya shi zai kauce, kome dukiyarsa.

Sauke anka yana da lissafi, kuma da yake mai gidan nawa malamin lissafi ne, bai bar ni ba sai da na iya. Anka ba ta riƙewa da nauyinta kaɗai. Sai sarƙa ta kwanta a ƙasa ta ja ta a kwance, sannan bakinta ya nutse cikin yashi. Saboda haka ake sakin sarƙa ninki 3 na zurfin ruwa in yanayi lafiya lau, ninki 5 ko fiye in ana tsoron iska. A ruwa mai zurfin mita 6, sarƙa mita 30 ke nan. Ƙara tsawon jirgi, ka samu kimanin mita 40. To, jirgin da ke kan anka ba a tsaye yake ba: kamar akuya ce a turke, duk inda iska ta juya can yake juyawa, yana zana da'ira. Da'irar da ke da mita 40 daga tsakiya zuwa baki ta kai rabin hekta. Ɗan jirgi guda, mai mutum biyu a ciki, yana bukatar rabin hekta don ya kwana cikin kwanciyar hankali. Yanzu mai karatu ya ɗauki lungu ɗaya, ya zuba jirage ɗari a ciki, ya ga yadda lissafin zai fita.

Abin da muka tarar ke nan a tsibirin Porquerolles, daura da garin Hyères, inda muka yi zangon farko. Gwamnatin Faransa ta sayi mafi yawan tsibirin a 1971 don kada a cika shi da gine-gine, kuma tun 2021 aka ƙayyade baƙin da jiragen haya ke kawowa zuwa mutum 6000 a rana lokacin cunkoso. Sai dai wannan ƙidaya a bakin dakali ake yinta. Masu zuwa da jirgin kansu suna tsayawa ne a bisa ruwa, daura da rairayin arewacin tsibirin, kuma da muka iso na ga sanduna a tsaitsaye kamar karan dawa bayan girbi.

Mun makara. Iska ta kwanta mana da azahar, dattijon ya ƙi tada inji, sai dab da magariba muka shigo. Ruwan wurin garai yake, mutum na ganin ƙasa daga sama: inda yake fari-fari yashi ne, inda yake baƙi-baƙi ciyawa ce. Duk fararen wuraren an riga an kama su. Muka kewaya sau biyu, duhu yana shigowa, masu jiragen da ke tsaye suna binmu da ido kamar yadda ƴan kasuwa ke duban baƙon da ke neman shimfiɗa tabarma a gaban rumfarsu. A ƙarshe dattijon ya ce in saki. Na ce: «Mushe, nan baƙi ne.» Ya ce: «Na gani, Malam. Dare ɗaya ne.» Kuma saboda matsi, bai saki sarƙa yadda shi da kansa ya koya mini ba. Muka kunna farar fitilar da doka ta ce jirgin da ke kan anka ya kunna da dare, muka ci abinci, muka kwanta.

Wajen ƙarfe 3 na dare iska ta taso daga arewa maso yamma. Ita ce suke kira mistral, wadda ke gangarowa ta kwarin kogin Rhône, busasshiya mai sanyi, tana zuwa sama tana wasai ba ko gajimare. Na farka da wata ƙara a ƙarƙashin kaina, kamar ana jan garma a kan tsakuwa. Kafin in gane, na ji ihu daga waje da harshen da ban sani ba, da hasken tocila a fuskarmu. Ankarmu ta saki, jirgi yana tafiya da baya a hankali, ya nufi wani jirgi mai mata da yara a ciki, bayansa kuma duwatsu. Dattijon ya tada inji, ya tura ni gaba in ɗaga sarƙa, mutanen wancan jirgin suna rataya matasan roba a gefensu don rage karo. Muka wuce su da tazarar da ba ta kai tsawon tabarma ba. Sauran daren a waje muka yi shi, muna kai da komo a cikin ruwa mai zurfi har gari ya waye.

Da haske ya fito na duba anka. Ta fito da wani dunƙule kamar dami, ciyawa ce mai dogayen ganye sirara kamar kaba, da saiwarta da ƙasarta duka. Na kai hannu zan jefar, sai dattijon ya karɓa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce: «Malam, wannan ta girme ni, ta girmi ubana. Na san haka jiya, na yi.»

A nan ne labarin ya daina zama na tsoron dare ɗaya. Ciyawar sunanta posidoni. Tsiro ne na sosai, mai saiwa da fure da ƴaƴa masu kama da zaitun, kuma ba ta fitowa a ko'ina cikin duniya sai a Bahar Rum, daga bakin gaɓa har zurfin kimanin mita 40. Makiyaya ce ta ƙarƙashin ruwa. A cikinta kifi ke ƙwai, a cikinta ƙananan kifaye ke ɓuya har su girma. Saiwarta na riƙe yashi, ganyenta na rage ƙarfin igiyar ruwa, matattun ganyen kuma in sun taru a bakin gaɓa su ke hana teku cin rairayi a lokacin sanyi. Hasken ruwan nan da ya sa Turawa ke tururuwa zuwa wurin, da hannunta a ciki. Aibinta ɗaya: ba ta da sauri. ƴan santimita kaɗan take ci a shekara. Mu ƙaddara ta ci santimita 5 daga kowane gefe: ramin da faɗinsa ya kai mita 10 sai ya shekara 100 kafin ya rufe. Anka kuwa da sarƙarta, in jirgi yana juyawa da iska, suna share ƙasa ne kamar yadda hauya ke share gona, cikin dare guda.

Tun 1988 doka ta sa posidoni cikin tsire-tsiren da aka hana lalatawa a Faransa. Amma shekara talatin dokar tana cikin takarda, ankoki suna cikin ciyawa. Dalili a fili yake. Itacen da aka sare a bakin hanya kowa na ganin kututturensa, ɓarnar da ke ƙarƙashin ruwa kuwa ba mai gani, har shi mai yinta. Kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana da hujja irin ta dattijona: dare ɗaya ne, ɗan jirgi ne, anka ce mai kilo goma sha. Gaskiya ne, kuma da shi kaɗai ne da ba kome. Amma dare ɗaya sau dubban jirage, sau kwana sittin na hutu, sau shekara talatin, ya zama wani abu dabam. Wanda ya ga yadda daji ke ƙarewa a kewayen garuruwanmu, alhali ba wanda ya taɓa ɗaukar fiye da dami ɗaya na itace, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A watan Yuni na 2019 ne prefen teku, wani babban hafsan sojan ruwa da ke zaune a Tulon, wanda ke da iko a kan ruwan Faransa na Bahar Rum, ya sa hannu a kan dokar da ta tsara sauke anka. Daga baya aka bi gaɓa yanki-yanki ana ja layi a taswira: jirgin da ya haura mita 24, a wasu wurare mita 20, ba shi da izinin jefa anka a cikin layin, sai ya ja baya zuwa inda ciyawar ta ƙare. Da manya aka fara, kuma da dalili, domin jirgin attajiri mai hawa uku ankarsa kaɗai ɗaruruwan kilo ce, ban da sarƙa. Masu hayar irin waɗannan jirage sun koka, suna cewa baƙinsu za su ƙaura da kuɗinsu zuwa wata ƙasa. Ba a janye ba. A watan Oktoba na 2023 kotun harkokin teku ta Marsai ta ci wani matuƙin babban jirgi tarar euro 20 000, wato fiye da miliyan 13 na sefa, tare da hana shi tuƙi a ruwan Faransa har shekara guda, saboda ya sauke anka a wuraren da aka hana daura da Kan da Saint-Tropez. Ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan shafi sun fi ni sanin bambancin dokar da aka rubuta da dokar da aka taɓa hukunta wani mai ƙarfi da ita.

Ga ƙananan jirage kuma wata dabara aka ɓullo da ita, kuma a zango na biyu na gan ta. Tsibirin Port-Cros gandun gwamnati ne tun 1963, kuma kariyar ta haɗa da tudu da ruwan da ke kewaye da shi. A mashigin da ke tsakaninsa da ɗan tsibirin Bagaud an hana anka baki ɗaya tun 2020. A maimakonta an kafa turaku a ƙarƙashin ruwa, kowanne da igiya da wata babbar gora ta roba tana yawo a sama. Kana zuwa ka kama gora ka ɗaura, ba abin da ya taɓa ƙasa. Da rana kyauta ne, kwana kuwa sai ka yi rajista ka biya. A daren nan na yi barci kamar a ɗakina. Akwai kuma wata manhaja ta salula mai suna Donia, wadda ke nuna wa mai jirgi taswirar ƙarƙashin ruwa, yashi a nan, ciyawa a can, don kada wani ya ce bai sani ba.

Ba kowa ke murna ba, kuma ya kamata a ji ta bakinsu. Wani maƙwabcinmu na gora, mai gyaran famfo ne a Marsai, ya shekara ashirin yana tara kuɗin tsohon jirginsa. Ya ce da mu teku ne wuri na ƙarshe da talaka ke kwana ba da rasit ba, ga shi yanzu an sa masa lamba da farashi. Yau gora kaɗan ce, gobe duk gaɓar za ta koma tashar mota. Maganarsa tana da nauyi. In aka mai da kowane lungu na kuɗi, to mai kuɗi ne zai kwana a inuwa, saura su kwana a bakin iska, kuma an san yadda haraji ke farawa ƙarami. Amma ni dai na ga dunƙulen da ankarmu ta tumɓuke. Kwanan da muka ce kyauta ne, akwai wanda ya biya shi: masuncin da zai jefa taru ya fito wayam, da jikan shi mai gyaran famfon, wanda zai tarar da ruwa ya gurɓace. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da ya kamata a yi gardama a kansa shi ne nawa za a biya, da inda kuɗin za su shiga, da yawan wuraren yashi da za a bar wa kowa.

Wani abin mamaki shi ne, a wannan magana amfanin kai da amfanin jama'a hanyarsu ɗaya. Anka ba ta kamawa da kyau a cikin ciyawa: takan maƙale a saiwa, mutum ya ɗauka ya tsira, sai iska ta ƙaru saiwar ta tsinke. A yashi take nutsewa ta riƙe. Wanda ya tausaya wa ciyawa, kansa ya tausaya wa. Kuma wannan teku da ke kama da tafki ba abin rainawa ba ne. Wata guda bayan komowata gida, ranar 18 ga Agusta 2022 da safe, guguwa ta faɗa wa yammacin tsibirin Korsika da iskar da ta haura kilomita 200 a awa. Mutum 5 suka rasu, kuma a lungun Girolata jirage da yawa da suka kwana lafiya sun wayi gari a kan duwatsu. Shi ya sa kowane mai jirgi na ƙwarai ke sauraron sanarwar yanayi safe da yamma, ya bar rediyonsa a kan tasha ta 16 da ake kiran agaji. Masu ceton kuwa, na ƙungiyar SNSM da aka kafa a 1967, ƴan sa kai ne. Ceton rai kyauta suke yi, amma janyo jirgi sai mai shi ya biya. Wannan ƙa'ida ta burge ni.

Sauran kwanakin mun bi gabas. Mun wuce daura da Cavalaire, inda dattijon ya nuna mini rairayin da sojojin taron dangi suka sauka a tsakiyar Agusta na 1944, cikinsu har da dubban sojojin Afirka ta yamma, ya ce in duba da kyau domin kakanninmu sun riga ni ganin wannan gaɓa daga bisa ruwa. Mun wuce jajayen duwatsun Estérel, muka ƙare a tsibiran Lérins daura da Kan, inda jirage ke cika mashigin da ke tsakanin tsibiran biyu har mai sayar da abinci yana yawo da ɗan kwalekwale kamar mai talla a tashar mota. Amma ba mu sake makara ba. Kullum da hantsi muke tashi, kafin la'asar mun isa, ni a gaba ina leƙen ruwa, in na ga fari in ɗaga hannu, sannan a saki. Ranar da ba mu samu fari ba, dattijon ya buɗe jakarsa muka shiga tasha. Ya yi gunaguni a kan kuɗin har muka yi barci, amma ya biya.

Mu nan ba mu da teku. Tashar teku mafi kusa da mu tana da nisan kusan kilomita dubu, kuma cikin masu karanta wannan shafi da wuya a samu wanda zai taɓa jefa anka. Duk da haka ban ga baƙon abu ba a can. Na ga mutanen kirki, masu ilimi, waɗanda suka san doka, suna ɓata abin da suke ƙauna saboda gajiya da faɗuwar rana da kalmar «sau ɗaya ne». Na kuma ga cewa ba a fara gyara ba sai da aka ja layi a taswira, aka fara da manya, aka ba ƙanana wata hanya. Dunƙulen ciyawar nan dattijon bai jefar ba, ya shanya shi ya rataye a bakin ƙofar jirgi, daidai inda kansa ke taɓawa duk lokacin da zai fita sakin sarƙa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.